Sarkin da Ke Hagu

Stipe na ƙoƙarin hawa bas, allon dara a hammata, ledar burek mai zafi, wainar fulawa irin ta ƙasarsu, a hannu, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Direba ya jira shi, don duk direbobin layin Port Kembla sun san tsohon, sun kuma san ba ya sauri saboda kowa. Sai da ya zauna, ya ɗora allon a cinya, sannan ya laluɓo wayar. Vesna ce, 'yar amininsa Meto, take kira daga wurin aikinta a Sydney.

"Kawu Stipe, kana hanya?"

"Ina cikin bas. Me ya faru kuma?"

"Yau da yamma za su yanke shawara a kan Baba. In bai fara duba hagunsa ba, ba za su bar shi ya koma gida ba. Gidan kula da tsofaffi za a kai shi." Ya ji ta ja hanci. "Don Allah yau ma ka bar shi ya ci. In labarin bai yi daɗi ba, ya zamana ko wasan ya faranta masa rai."

"Wa ya ce miki bar masa nake yi?"

"Haba Kawu. Kowa ya sani, shi kaɗai ne bai sani ba."

Stipe ya mayar da wayar aljihu, ya zuba wa taga ido. Bas ta bi ta gefen masana'antar ƙarfe, inda shi da Meto suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bakin tanderu. Bai ma lura sun wuce ta ba.

Mu da muke zama a kulob ɗin bayan coci mun san wasan waɗannan biyun kamar hanyar gidajenmu. Tun suna samari suke buga darar ces, kuma wasa iri ɗaya tak suke bugawa. Meto ke riƙe farare, Stipe baƙaƙe. Meto ya kwashi sarkinsa ya kai kuryar hagu ya ɓoye, Stipe ya ɓoye nasa a ɗaya kuryar, wadda ke dama da Meto. Daga nan babu sauran kunya. Kowa ya saki dakarunsa su ruga gidan sarkin ɗan'uwansa su cinna wuta, wanda rufinsa ya riga ruftawa shi ya faɗi. Masu littattafai suna kiran tsarin Stipe Dodo, na Meto kuwa Harin Yugoslaviya. Lokacin da ƙasar Yugoslaviya ta wargaje, mutanen da suka zo nan a jirgi ɗaya suka daina gaisawa a shagon burodi, amma Meto ɗan Makedoniya da Stipe ɗan bakin tekun Kuroshiya ba su fasa haɗuwar Asabar ba. Meto yakan ce ƙasar ba ta ɓace ba, ta dai koma kan allo, kuma ko a can ɗin faɗa take yi.

Akwai wata gardama da suka kasa kashewa har gashinsu ya yi fari. A tsakiyar wasan, Stipe kan jefa igwarsa ta ci dokin da ke gadin sarkin Meto, ko da yake igwa ta fi doki daraja nesa ba kusa ba. Shi a ganinsa daga nan gida ya buɗe, zance ya ƙare. Meto kuwa ya ce ƙarya ne, sarki zai ƙara taku ɗaya zuwa hagu, ya shige lungu, ya zauna yana dariya har a kashe na Stipe. Sun baje wannan wuri a kan teburin kulob, a kan teburin cin abincin Donka matar Meto, har a bikin auren Vesna da gishiri da barkono a madadin igwa. Wani lokaci wannan ya ci, wani lokaci wancan. Abu ɗaya ne bai taɓa faruwa ba: Meto bai taɓa kwantar da sarkinsa ya ce ya sallama ba. Sai dai a kashe shi yana zagi.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi a lambu, yana ɗaure barkononsa. Bakinsa bai taɓu ba, abin da Stipe ya ce shi ne babban abin takaicin. Ƙafar ma ta fara dawowa. Amma duk abin da ke hagu ya fita daga duniyarsa. Idonsa lafiya lau, likita ya duba. Kansa ne ya manta cewa akwai wani wuri da ake kira hagu. Ya ci rabin faranti ya ce asibiti na yi masa rowa. Ya aske rabin fuska. Ya tura kekensa na marasa lafiya ya daki bakin ƙofa, ya zagi wanda ya gina ƙofar. In aka ce masa akwai matsala, sai ya ce da masu faɗar dai.

Tun da aka kwantar da shi Stipe ke kawo allo. Meto ya kai hari ta dama kamar mai aljanu, Stipe kuwa, da ya ga sarkin amininsa a hagu tsirara ba mai gadi, sai hannunsa ya mutu. Ya tura doki gaba ya dawo da shi baya, har a kashe masa sarki. Kullum yana fita daga asibitin da kunya, kamar wanda ya yi wa yaro wayo.

Ya tarar da su kamar kullum. Meto na kan kekensa a gaban ƙaramin tebur, kuncin dama sumul, na hagu farin gemu cunkus. A bakin teburin ta hagu an manna wani jan ƙyalle. Bayan ƙyallen, a kan kujerar roba, Donka na zaune da tukunyar wake naɗe cikin tawul a cinyarta. Narelle, wadda ke koya wa masu shanyewar jiki yadda za su sake riƙe cokali da reza, ita ta ce mata ta riƙa zama a hagunsa, ko zai waiwayo. Tun ranar take zuwa da bas ɗin farko, ta koma da na yamma.

"Ga ɗan bakin teku ya zo karɓar dukansa," in ji Meto. "Me ka kawo? In na cuku ne zauna, in na nama ne koma."

"Na cuku ne, tsohon banza. Wa ya yi maka wannan aski?"

"Ni na yi abuna. Ka ga ban yanke ko'ina ba." Ya shafa kuncin dama yana jin daɗi. Sai ya rage murya. "Stipe, ka ga Donka kuwa? Matar nan ta daina zuwa. Wake dai take aikowa. Wani lokaci ina jin muryarta can a baranda, kamar rediyon maƙwabta, amma ta shigo ta gan ni, ina!"

"Ga ni nan, Metodi," in ji Donka, wadda ke kiransa da cikakken sunansa.

Meto ya juya dama, wajen taga, ya ɗaga murya. "To ki shigo mana! Cizo nake yi?"

Donka ta gyara tawul ɗin tukunya, wanda ba ya bukatar gyara. Stipe ya hau kwance ledar burek da ƙarfi.

Narelle ta leƙo, doguwa, fuska duk ɗigon rana. "Meto, yau ka nemo min jan ƙyallen nan?"

"Yarinya, na gaya miki babu wani ƙyalle. Kin yi karatu, ki daina wasa da tsofaffi."

Ta yi dariya, ta yafito Stipe da Donka zuwa baranda. A can dariyar ta tafi.

"Ba zan ɓoye muku ba," ta ce. "Gidanku akwai matakala, akwai titi a ƙofa. Mutumin da bai san akwai hagu ba, mota za ta kwashe shi a satin farko. Ba na bukatar ya warke yau. Ina so ne in ga ya juya kansa da kansa, ba tare da wani ya kama masa haɓa ba. In na ga wannan, ina da abin da zan gaya wa likita. In ban gani ba, ba ni da shi."

"Me zai sa ya juya?" in ji Stipe.

"Abin da yake so sosai, har ya tashi nemansa." Maganar na fita ta gane gaban wa ta faɗe ta, fuskarta ta yi ja. "Donka, ba haka nake nufi ba. Ciwon ne, ba shi ba."

"Na sani, 'yata. Je ki aikinki."

Da Narelle ta wuce, Donka ta tsaya tana kallon masu tura keken abinci. Ƙaramar mace ce, wadda ta yi shekaru tana ɗinka kwalar riguna a masaƙa, kuma a kulob mun fi tsoron shirunta a kan ihun mijinta.

"Vesna ta kira ka," ta ce.

"Ta kira."

"Ta ce ka bar masa."

"Yarinya ce, tausayin ubanta take ji."

"Kowa tausayinsa yake ji. A juya masa faranti, a matso masa da kofi dama, kai kuma ka zo kana yawo da doki kamar wanda bai taɓa ganin allo ba. Ina zaune ina kallonka, Stipe. Ni ban iya wasan ba, amma na san fuskarka in kana wasa, wannan ba ita ba ce." Ta juyo ta dube shi. "Na zauna a kujerar nan har bayana ya ƙage, bai waiwayo ba. Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi. Amma na san wanda na aura. Akwai abu ɗaya da ya ajiye a hagu da hannunsa, wanda ba zai yarda ka ɗauka ba."

"Donka, in na ci shi yau, kuma aka ce gidan tsofaffi..."

"In ka bar masa ma can za shi. Ka ci shi. Ka ci shi da gaske, ka ƙona masa gida, yadda kuka saba."

Stipe ya koma ɗakin. Ya fi son ya koma bakin tanderu ranar zafi a kan abin da aka sa shi.

Sun daɗe da daina ɓata lokaci a kan takun farko. Stipe ya jera 'ya'yan darar a daidai inda ake fara faɗa, ya bar wa Meto ɓoye sarki. Hannun Meto na dama ya ɗauki sarkin ya tura shi hagu, ido na can wani wuri. Hannu ne kawai ya tuna. Igwar da ya kamata ta tsallako ta tsaya kusa da sarkin tana can ƙarshen allo, inda Meto ba ya zuwa. Stipe ya miƙa hannu ya tsallako masa da ita, ya ce a ransa wannan ne taimako na ƙarshe.

"Bari ka ga yadda ake yi," in ji Meto, ya tura dakaren bakin dama. "Tun da ciwon nan ya same ni kaina ya buɗe. Da na sani da tuni na yi shi."

Dakaren ya hau, ya sake hawa, ya ba da ransa don hanya ta buɗe. Maharbin Meto ya je ya yi musaya da maharbin da ke gadin sarkin Stipe. Duk yadda aka saba. Meto na wasa yana waƙa a hanci, yana gutsurar burek. Stipe kuwa ya jera igwarsa a kan layin da ke kallon sarkin fari, ya fito da sarauniyarsa gefe. Narelle ta dawo ta jingina da bakin ƙofa.

Sai wurin gardamar ya zo. Stipe ya dubi Donka. Ta gyaɗa kai kaɗan. Ya ɗauki igwa, ya cire dokin Meto, ya buga ta a wurinsa har sauran 'ya'yan suka yi tsalle.

"Me ka ci?" in ji Meto.

"Duba mana."

"Ba abin da ka ci. Surutu ne." Ya zura sarauniyarsa har ƙofar sarkin Stipe. Saura taku ɗaya ya kashe. Ya murza hannu a cinya. "Yi addu'arka, ɗan bakin teku."

Stipe ya sake ɗaukar igwar, ya ci dakaren da ke gaban sarkin fari, ya faɗi kalmar da ake faɗa in an kai wa sarki hari, wadda bai faɗa ba tun da aka kwantar da amininsa.

"Shah."

Meto bai ji ba, ko ya ƙi ji. Hannunsa ya kai kan sarauniya. Stipe ya riƙe masa wuyan hannu.

"Shah na ce. Ba ka taɓa komai sai ka kare sarkinka. Ko dokar ma ciwon ya cinye ta?"

"Wane sarki?" Idon Meto ya bi allon daga bakin dama zuwa tsakiya, ya tsaya, ya dawo. Ya sake bi, ya sake tsayawa a wuri ɗaya, kamar mai tafiya da ya iske bango. Waƙar ta ɗauke. "Ina sarkina? Stipe, ka sace min sarki."

"Ban taɓa shi ba."

"Ɓarawo! Dama can ku mutanen bakin teku haka kuke. Buɗe hannunka in gani!"

Stipe ya buɗe hannayensa biyu. Babu komai a ciki.

"Yana inda ka ajiye shi," ya ce. "Tun muna da gashi wuri ɗaya kake ajiye shi. In ba ka same shi ba, na ci. Kuma gobe zan faɗa a kulob cewa gardama ta ƙare, igwa ta yi gaskiya, lungunka ƙarya ne."

"Lunguna ƙarya ne?"

"Ƙarya ne. Babu shi ma."

Fuskar Meto ta yi ja har kunne. Ya ɗora yatsa a kan layin farko na allon, daga kusurwar dama, ya fara ja a hankali, gida bayan gida, yana ƙunƙuni da harshen garinsu. Yatsan ya iso tsakiya ya tsaya. Gumi ya tsatsafo masa a goshi. Fararen aku na ta ihu a bishiyar waje. Stipe ya ji kamar ya ce a bar shi haka, wasa ne, ya ɗauko sarkin ya sa masa a hannu. Ya cije leɓe.

Yatsan ya motsa. Ya taɓa igwarsa, wadda Stipe ya tsallako masa da ita. Wuyan Meto ya bi yatsan da ƙyar, kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Yatsan ya ƙara gida ɗaya, ya ci karo da wani abu dogo mai gicciye a ka.

"Ga ka nan, ɗan banza," in ji Meto a hankali.

Amma kan da ya fara juyawa bai tsaya a nan ba. Ido ya wuce sarkin, ya wuce bakin allo, ya faɗa kan jan ƙyalle. Bayan ƙyallen akwai tukunya naɗe da tawul. A kan tawul ɗin akwai hannu mai zobe, zoben da ya sani. Ya bi hannun sama.

Ya daɗe yana kallonta. Donka ta zauna cak, ko numfashi ba ta so ta yi da ƙarfi. Sai kan ya fara zamewa, yana neman komawa dama da kansa. Meto ya yi maza ya kama haɓarsa da hannu ya riƙe. Can ya saki, ya laluɓa kan allon ba tare da ya ɗauke ido daga kanta ba, ya sami sarkin, ya kwantar da shi.

"Kai, me ka yi?" Stipe ya miƙe tsaye. "Akwai mafita! Taku ɗaya, lungun nan naka, ga shi a buɗe! Ka shiga, kai ke da ci!"

"Na gani."

"To don me..."

"Na ce maka na gani. In na shiga lungu, sai na koma dama in kashe ka. In na koma kuma ban san ko zan sake gane hanyar nan ba." Ya mayar da hannu kan haɓa. "Ka ci. Je ka faɗa a kulob. Ka ce ba ni da lokaci ne."

Stipe ya koma ya zauna. Shekara da shekaru yana jiran ranar da zai ga sarkin nan a kwance, yau ga shi, kuma hawaye ya hana shi ganinsa da kyau. Narelle ta zo ta bayansa ta dafa masa kafaɗa.

"Zan je wurin likita yanzu," ta raɗa masa. "Maganar gidan tsofaffi a ajiye ta tukuna. Gobe ka dawo da allon nan, kuma kada ka sake tausaya masa."

Meto bai san ma ta shigo ba. Yana can riƙe da haɓarsa.

"Kin rame," ya ce.

"Kai kuma ka aske rabin fuska kamar mahaukaci."

"Wake ne a tukunyar?"

"Ya huce."

"Ba komai." Ya yi gyaran murya. "Donka, ina kika shiga duk kwanakin nan?"

Ta sauke tukunyar a kan tebur, ta matso da kujerarta, ta sa tafin hannu a kan kuncin da bai aske ba, don ya huta da riƙon haɓar.

"Ina inda ka ajiye ni, Metodi," ta ce.